Yaƙin Malam Hambali da Ranar Yamma

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba tare da ginshiƙi ba, ya rataya rana a tsakiyarta, ya kuma shimfiɗa inuwa don jinƙai ga bayinsa, musamman masu sanƙo daga cikinsu. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzon gwaraza, barden da bai taɓa hawa doki ba, shugaban rundunar mutum ɗaya, Malam Hambali na Gumel, ɗan Malam Ɗahiru mai gyaran laima a kasuwar Maigatari, wanda aka shaida bai taɓa mayar wa mai laima laimarsa da karyayyen haƙarƙari ba. Ɗan Jibo masaƙin mafici da malafa, wanda kabar ƙasar nan kaf ta san kaifin wuƙarsa. Ɗan Tanko mahaƙin rijiya, wanda ya kwashe rabin rayuwarsa gaba ashirin a ƙarƙashin ƙasa, ba don son ruwa ba, in ji maruwaita, sai don can ne kaɗai rana ba ta iya iske shi. Ɗan wani bawan Allah da sunansa ya ɓace wa masu tarihi, illa dai sun haɗu a kan cewa a gindin tsamiya aka haife shi, a gindinta ya yi kasuwanci, a gindinta aka yi masa salla. Duk mai basirar da ya dubi wannan silsila zai gane cewa gabar da ke tsakanin gidan nan da rana ba jiya ta faro ba. Gado ce, kuma Malam Hambali ne ya ci gadon.

Hambali na Uwani, alli mai cin allo, bulala mai nuna Tafkin Chadi ba da waiwaye ba, gajere a tsaye, dogo a bayani. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare ta maza, ya zana duniya a allo ya goge ta da tsumma sau ba adadi, har ranar da hukuma ta sallame shi da agogon bango da takardar yabo. Ya dawo gida da tabarau mai ɗaurin zare a kunnen hagu, da tsohon babur da ba ya tashi sai an tura, da ilmin tafiyar rana wanda ba mai tambayarsa.

Musabbabin yaƙin kuwa ga shi. Gidan hayar da yake ciki shi da matarsa Hajiya Uwani, tun bayan da 'ya'ya suka watse gidajen aure da garuruwan aiki, ɗaki biyu ne na siririn bulo, rufin kwano ba silin, dogon bangonsa da tagoginsa duk yamma suke kallo. Daga azahar rana kan sauko ta kafa sansani a jikin bangon nan ta yi ta ɗura masa wuta har magariba, shi kuma bangon, da yake munafuki ne, sai ya adana wutar ya riƙa amayar da ita cikin ɗaki bayan ita ranar ta tafi. Akwai fanka a rataye, amma wutar lantarki irin ƙawar nan ce mai zuwa cin tuwon suna, ranar jana'iza a neme ta a rasa.

Hajiya Uwani tela ce ta mata, kuma a ɗakin nan kekenta yake. Wata la'asar ta bazara Malam ya dawo daga masallaci bai ji ƙarar keke ba. Ya ɗaga labule ya same ta kife a kan keken, ɗankwali ya zame, atamfar mutane tana ƙasa, jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Yadda ya ɗauke ta, shi da bai kai ta tsawo ba, har yau bai sani ba. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu, likita ta ce zafi ne ya haɗu da hawan jini, kuma in aka ci gaba da zama a irin ɗakin nan, wata rana ba za a kawo ta da sauran magana ba. Malam ya zauna a benci da hula a hannu.

Ranar da aka sallamo ta, ya fito tsakar gida, ya fuskanci yamma, ya ɗaga yatsan da ɗalibai dubu suka sani, ya ce: "In Allah ya ara mini kwana, ba za ki ƙara shiga ɗakin matata ba sai kin yi sallama an amsa." Rana ba ta ce komai ba, kamar yadda manyan azzalumai suka saba.

Yana da fili a sabuwar unguwa bayan tashar mota, wanda ya samu tun yana aiki, takardarsa na kwance a ƙasan adaka: ƙafa hamsin a fuska, ɗari a zurfi, a kan layin da ya taso daga yamma ya miƙa gabas. Damina da kaka da hunturu duk ya ƙarar da su a kan tabarma yana tsara dabarun yaƙi a bayan tsohuwar kalanda.

Hikimar ita ce, ba a tarar rana gaba da gaba, kafaɗa ake ba ta. Gidan zai kwanta daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa inda rana ke wucewa ta bisa, gajerun su ne za su sha sara safe da yamma. A ɓangaren yamma, inda farmaki ya fi tsanani, za a jera ɗakin ajiya da banɗaki su zama garkuwa, bango ba taga ko ta leƙen ƙadangare, a bayansu kuma dakarun darbejiya uku. Bangon na jar ƙasa ne, kaurinsa kamu guda, mai haɗiye zafi kamar dattijo mai haɗiye fushi, ba ya sakinsa sai gari ya huce. Rufi ya yi tsawo, a shafe shi da fari, a bar 'yan ƙofofi can sama inda zazzafar iska za ta tsere, tagogi kuma su kalli juna don iska ta shiga nan ta fita can ba ta tsaya gaisuwa ba. Sannan baranda mai faɗin baki a kudu, wadda aka auna ta yadda a bazara, rana na tsakar ka, ba za ta taɓa ko dokin ƙofa ba, amma a hunturu, in ta sunkuyo kudu ta yi laushi, a bar ta ta shigo ta ɗumama ƙafar Hajiya. Wannan, in ji Malam, ita ce sallamar da ya ambata.

Aka kira majalisar yaƙi. Mutum biyu ne suka halarta, na biyun shi ne Baba Ɗan'azumi magini, dattijon da ya shekara arba'in yana ɗora bulo a kan bulo, wanda ba ya gaggawar magana saboda goron da ke kumatunsa. Ya juya kalandar sama da ƙasa, sannan ya fara jero uzurori kamar mai jan carbi. Ya ce duk unguwar nan jikin katangar gefe ake jera ɗakuna a bar tsakar gida doguwa, wanda ya gitta gini a tsakiyar fili ya raba gidansa biyu kamar gurasa. Ya ce mutane na gudun ƙasa suna komawa siminti, in aka ga malamin makaranta na kwaɓa laka za a ce fansho ne ya ƙi fitowa. 'Yan ƙofofin sama kuwa, jemagu za su yi masa godiya. Malam ya tare kowane uzuri da hujja, ya kawo misali da randa, ya tashi tsaye ya mai da kansa rana, ya mai da Ɗan'azumi gida, ya zagaya shi sau uku, har Hajiya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Daga ƙarshe magini ya tofar da tuƙar goro ya ce, "To ai Malam, abin da kake faɗa, haka mahaifina ke gini. Sai dai shi bai zana a bayan kalanda ba."

Malam ya ɗauki wannan a matsayin miƙa wuya, aka yi sulhu. Abu ɗaya ya rage: ina gabas take? Ɗan'azumi ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi, ya ce akwai abin nuna alƙibla a ciki, yanzun nan zai nuna masa gabas da yamma, ya ƙara masa da kudu gyara. Malam ya yi masa irin kallon da ya saba yi wa ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ya bayyana masa cewa arewar allura daban, arewar gaskiya daban, kuma shi ba zai ɗora harsashin gidan matarsa a kan jita-jitar waya ba. Daga bakin rana yake so ya ji, da shaidar inuwarta.

Dabarar tsohuwa ce. A kafa sanda a miƙe, a zagaye ta da da'ira, a sa alama inda kan inuwarta ya taɓa da'irar da hantsi, a sa wata inda ya sake taɓawa da la'asar. Igiyar da ta haɗa alamun nan biyu ita ce gabas da yamma ta haƙiƙa. Aikin yini guda ne ga mai sa'a. Malam Hambali ya yi kwana ashirin da bakwai.

Wata Asabar a tsakiyar bazara, bayan sallar asuba, runduna ta fita. Jarumi ya tura ingarmansa har bakin titi kafin ya yarda ya yi haniniya. A bayansa an ɗaure rodi mai tsawon mutum, da naɗin igiya, da turaku, da kwanon farar ƙasa, da tsohuwar rajistar aji don rubuta abin da zai wakana, a kansa kuma malafa.

Kwana uku na farko aka yi su ana share fagen fama. Ya sare sabara, ya tumɓuke tumfafiya, ya kwashe ƙaya da ledoji tuli-tuli ya ƙone. A nan ne aka yi asarar rai ɗaya tilo da tarihin yaƙin nan ya ƙunsa, wata kunama da ta fito daga ƙarƙashin dutse ba da niyyar faɗa ba, ta gamu da takalmin Malam sau goma sha ɗaya. Ya dasa darbejiya uku a iyakar yamma, ya kewaye su saboda awaki, ya ɗaukar musu alkawarin jarka biyu kullum safiya daga famfon tasha.

A rana ta huɗu aka kafa rodi, aka daidaita shi da zare mai dutse a baki, aka zana da'ira. Da hantsi inuwa ta taɓa layi, Malam ya buga turke, ya rubuta a rajista cewa an ci rabin gari. Sai ya zauna jiran ɗaya rabin. To fili ne fetal, ba bishiya sai nasa uku da ba su kai gwiwa ba. Rana ta hau, ta tsaya, ta aiko da manzanninta, wato gumi da ƙishirwa da wani nauyi a fatar ido, kuma na ukun ne ya ci amanar tsaro. Da jarumi ya farka, malafa ta rufe masa fuska, inuwa ta ƙetare da'ira ta yi tafiyar taku huɗu. Masu tarihi sun yi saɓani a kan wannan waƙi'a. Malam ya ce dogon tunani ne. Mai shayin bakin tasha ya ce har can ana jin tunanin.

Washegari bai runtsa ba. Amma da ya je sallar azahar ya dawo, sai ya tarar wani mai itace ya ga rodi a kafe a fili, ya gode wa Allah da har yanzu akwai masu tunanin matafiya, ya ɗaure jakinsa a jiki. Jakin ya sosa wuya da rodin har ya kwantar da shi yana nuna Damagaram. Kwana biyu bayan haka hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, daidai lokacin da saura ɗan yatsa inuwa ta taɓa layi, ya rufe rana, ya yi tsawa biyu, bai zubar da ko ɗigo ba, ya wuce abinsa.

A rana ta goma sha ɗaya ya samu alamu biyu cikakku. Da wani ne, da ya ja igiya ya tafi gida. Amma Malam ya ce shari'a ba ta tabbata da shaida ɗaya, ya sake gwadawa, ya sake, kullum igiya na faɗawa inda ta faɗa jiya, shi kuma yana ƙara zarginta da haɗin baki. Fatarsa ta koma kamar gindin tukunya, sanƙonsa ya yi saɓa duk da malafa, mazagin wandonsa ya ƙara tsawo. Hajiya na shafa masa man kaɗanya a ka ta ce ita fa abin ya ɗaure mata kai: ranar da aka rantse za a hana shiga ɗakinta, ga shi kullum ana kai mata mijinta har gida tana gasawa. Malam ya ce haka yaƙi ya gada. Ta ce to, a dai riƙa shan ruwa. Ita kanta, tun fitowarta asibiti, kullum azahar sai an ciccibi kan keken zuwa rumfar maƙwabta ta yi ɗinki a gidan mutane kamar baƙuwa, kuma wannan ne ke tashin Malam da asuba duk ranar da jikinsa ya ce ya kwanta.

Sai rana ta ashirin da shida, a ƙarshen watan Afrilu, ranar da littattafai suka yi alkawari. Da tsakar rana inuwar rodi ta yi ta guntulewa, ta zama taƙi, ta zama ɗan yatsa, sannan ta shige ƙarƙashin rodin ta ɓace ɗungum. Shekara talatin da biyar yana gaya wa yara cewa sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa kan garinsu, yana bulalar wanda ya manta, amma shi kansa bai taɓa gani ba, don a lokacin yana aji. Ya zagaya rodin a hankali. Ya dubi ƙafafunsa, tasa inuwar ma ta taƙure a ƙarƙashin malafa. Sannan ya tuna shi wane ne, ya cire malafa ya ɗaga sama, ya yi kururuwar da ta tashi kurciyoyin unguwa:

"Ta sauke tuta!"

Washegari da la'asar aka yi bikin kafa harsashi. Ya ɗauko Hajiya a bayan ingarma, Ɗan'azumi ya zo da tef da guduma. Aka ja igiya a kan gabas ta haƙiƙa, aka buga turaku huɗu na kusurwa, Malam na ba da umarni da murya irin ta filin taron safe. Ya zagaya da Hajiya cikin gidan da babu shi: nan zaure, nan ɗakin ɗinki da tagarsa ta arewa mai haske ba zafi, a kula da dokin ƙofa. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar kamar da gaske, ta tsaya a ɗakin ɗinkin tana murmushi. Ɗan'azumi ya faki ido ya ɗora wayarsa a kan igiya, ya ce saɓanin da ke tsakanin gabas ɗin waya da ta Malam, daga wannan kusurwa zuwa waccan, yatsa uku ne. Malam ya rubuta yatsa ukun nan a rajista da manyan baƙaƙe, don a nan ne, in ji shi, ilmi ya bambanta da kame-kame.

Ana cikin haka sai ƙasa ta ɗauki rawa. Wata tifa shaƙe da yashi ta karyo kwana ta zo ta tsaya daidai bakin filin. Wani ƙaton mutum mai tumbi ya sauko daga gefen direba, da takarda a hannu da alamar faɗa a fuska. Ya yi taku uku, ya ga wanda ke tsaye a filin, sai faɗan ya zube. Ya tuɓe takalma a kan rairayi mai zafi ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam. Sallau ne. Sallau na bencin baya."

Malam ya gane shi. Wannan shi ne ɗalibin da ya taɓa zana Kogin Kwara ya kai shi ya juye a hamada, ya ci tara cikin ɗari, ya bar makaranta ya bi motoci. Yanzu Alhaji Sallau ne mai tifofi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, aka sake tambaya. Alhaji Sallau ya dubi filin da aka share tas, ya dubi darbejiya uku da suka yi sabon toho, ya dubi turaku, ya dubi takardarsa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Daga bisani ya roƙi arziki, in ba damuwa, Malam ya ɗan taka da shi zuwa bakin layi.

Suka taka, Hajiya da magini na biye. A bakin layi akwai dutsen iyaka na farko, irin guntun simintin nan da ma'auna ƙasa ke binnewa a kusurwar kowane fili. Alhaji Sallau ya tambaya cikin ladabi, filin Malam lamba nawa ne. Malam ya ce bakwai, kuma da ƙafarsa ya ƙirga duwatsu bakwai ya tsaya. Sallau ya sunkuyar da kai, ya dafa dutse na ɗaya, ya taka zuwa na biyu, ya ce da ƙaramar murya, tsakanin waɗannan shi ne fili na ɗaya. Na biyu zuwa na uku, fili na biyu. Haka suka yi ta tafiya, ɗalibi na ƙirga malami na bin sa, kuma tun a dutse na huɗu Malam Hambali ya hango ƙarshen darasin, amma ba hanyar kaɗa ƙararrawa. Da suka iso dutse na bakwai, filin da suka baro a baya, mai turaku da darbejiya da gumin kwana ashirin da bakwai, na shida ne, wato filin Sallau. Na bakwai yana gaba, gabas da shi, cike da sabara da ƙaya da wani mushen tayar mota.

Ɗan'azumi ya tuna da wani abu muhimmi a aljihunsa ya shiga nema. Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar, duwatsun na nan inda suke.

Alhaji Sallau, wanda ya fi kowa shiga uku, ya ce wallahi abin bai kai haka ba, a yi musaya kawai: Malam ya riƙe na shida tunda ya sha wahalarsa, shi ya koma na bakwai, gobe a gyara takardu. Zuciyar jarumi ta yi tsalle, ya fara haɗa kalmomin da zai karɓi tayin da su ba tare da ya nuna ɗoki ba. Sai Hajiya Uwani ta gyara mayafi.

"Alhaji, wane irin gida za ka gina?"

Ya ce bene ne, ɗakunan haya sama da ƙasa, daga bakin layi har ƙarshen fili.

Ta dubi yamma, ta kare ido da tafin hannu. Ta dubi filin Sallau, ta dubi nasu mai ƙaya. "To a bar musayar nan, Allah ya yi albarka, kowa ya zauna a nasa. In ka koma gabas da mu hantsi za ka tare mana, ni kuwa hantsi bai taɓa kai ni asibiti ba."

Malam Hambali bai so ya yi lissafin ba, amma kan da ya saba ba ya neman izini. Tsawon bene kaza, rana da la'asar ta sauko kaza: inuwar za ta shimfiɗu ƙafa arba'in cikin hamsin ɗin filinsa, kullum, ba jarka ba malafa. Abokiyar gabar da kaka da kakanni suka yi ta fama da ita, wadda ya tanadar wa garkuwa da dakaru, ga shi mai tara cikin ɗari zai karya lagonta da ɗakunan haya, ba tare da ya san ana yaƙi ba. Ya gyara murya, ya soma bayanin cewa a ilmin tsara gidaje dama akan yi la'akari da gine-ginen maƙwabta, kuma shi tun da farko yana da niyyar...

"Malam," in ji Hajiya, "shigo inuwa."

Inuwar da ke wurin kuwa guda ɗaya ce, ta tifar Sallau. Nan jarumi ya tsuguna a gindin taya, tsakanin matarsa da ɗalibinsa, aka miƙa masa ruwan leda ya sha. Kafin ya shanye na biyu, Ɗan'azumi ya tumɓuke turaku huɗu, ya matsar da su ƙafa hamsin gabas cikin ƙaya, ya daidaita su da waya, ya ƙara yatsa uku don girmamawa.

Iyakar abin da maruwaita suka kawo game da fagen fama ke nan. Amma ganima, an gina gidan yadda aka zana shi, ba a rage ko ƙofar sama ɗaya ba, kuma gaskiyar magana ya yi sanyi. Wanda ya shiga da azahar, tun benen bai fara nasa aikin ba, zai ji kamar ya sa kai a randa. Hajiya Uwani na ɗinki a ɗakinta har magariba, ba ta sake kwana a asibiti ba. Sai dai baƙi da la'asar suke zuwa. Sukan zauna a baranda su sauke numfashi, su ɗaga kai su dubi ƙaton bangon da ya tsaya a yamma, su ce lalle an yi dacen maƙwabci. Da farko Malam kan gyara zama ya soma bayani daga kaurin bango, har sai baƙon ya tuna yana da wani uzuri. Yanzu kuwa sai ya ɗaga kai ya dubi bangon shi ma, ya ce, "Wallahi kuwa."